Shagon da ya yi min satifiket da kofuna na yaran gidan burodina

Ina da ƙaramin gidan burodi a Tudun Wadar Kaduna, mu 12 ne har da ni ban da mai gadi, kuma duk wanda ke wannan harka ya san yadda abubuwa suka koma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, fulawa ta tashi, suga ya tashi, man janareta kam ba a magana. Da gwamnatin tarayya ta mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, gwamna Uba Sani kuma ya ce na Kaduna 72,000 ne, yarana sun ji a rediyo kamar kowa, ba wanda ya tare ni da maganar amma ina gani a fuskokinsu. Dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, to amma ai kasuwa ɗaya muke zuwa da ma'aikacin gwamnati. Na ƙara abin da zan iya, bai taka kara ya karya ba, kuma abin yana cina wallahi, don akwai masu shiga aiki tun ƙarfe 3 na dare, da azumi kuma a gaban tanda suke wuni baki a bushe.

To ana saura sati 2 ƙaramar sallah ina neman yadda zan karrama yaran nan, sai wani abokina mai makaranta a Kawo ya ce in je wani shago da ke yi masa satifiket na ɗalibai, yana ta wajen Ahmadu Bello Way ba nisa da shataletalen Leventis. Ba zan kama sunan shagon ba tunda zan faɗi inda suka gaza, mai buƙata ya same ni in yi masa kwatance.

Shagon ɗan ƙarami ne, kwamfuta 2, firinta babba a lungu, sai injin da ke manna rubutu jikin kofi da zafi, ga warin tawada ko'ina. Ni da na je niyyata kawai a buga min irin wanda kowa ke yi, gwarzon ma'aikaci da turanci a sa suna a ƙasa shikenan. Yaron da ke kan kwamfutar ya buɗe manhajar zane ta CorelDraw, ya dubi takardar sunayen da na miƙa masa sai ya ce, "Alhaji, shi wannan na farkon me ya yi maka?" Na ce kamar ya? Ya ce ai idan duka 11 abu ɗaya aka rubuta musu gobe za ka ga an yi fifita da shi. Nan fa na ja benci na zauna. Na ba shi labarin Baba mai tanda, daren da janareta ya mutu ga kwaɓi ya riga ya tashi, fulawar buhu 4 na shirin lalacewa, dattijon nan ya hura tsohuwar tandar itace ya tsaya a kanta shi kaɗai har aka kira assalatu, ko burodi ɗaya bai ƙone ba. Yaron ya rubuta shi a layi 2 da Hausa, ya karanta min, sai da na ji idona ya kawo ruwa. Haka muka bi su ɗaya bayan ɗaya, mai kai kaya a keke da bai taɓa dawo min da lissafi ya yi gibi ba, yarinyar da ke ƙulla leda da ta koya wa sababbi 3 aiki ba tare da an sa ta ba, mun fi awa muna wannan kuma bai nuna ya gaji da ni ba. Wannan zaman shi ne ainihin abin da na biya, takarda da firem ai ko'ina akwai.

Kuma ya iya haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ duk sun fito daidai a satifiket ɗin, wanda ya taɓa kai aikin Hausa wajen masu buga takardu ya san yadda suke mayar da ƙasa ta koma kasa. Ajami ne dai ba su da shi, Baba kuma ba ya karanta boko, sai yaron ya bar min fili a ƙasa na kai wa malamin unguwarmu ya rubuta da hannu.

Yanzu inda suka ɓata min rai. An ce in zo Talata, na baro aiki na shiga go-sulo na je, aka ce babu nepa tun jiya kuma ba su sayi mai ba, to dan Allah a kira mutum mana, lambata tana kan rasit. Sai Juma'a na karɓa. Kofi ɗaya kuma harafin ɗ ya fito kamar ɗan akwati saboda a ɗaya kwamfutar aka tura shi, sun sake min kyauta ba gardama, wannan na yaba. Rigunan da suka buga min kam ban ba kowa shawara ba, wanki 3 rubutun ya fara tsagewa yana ɓarewa, zafin gidan burodi ma ya ƙarasa shi, da na sani da na sayi riguna na kai Kasuwar Barci an yi musu aikin zare. Kuɗi dai ba laifi, firem 11 da kofuna 11 da rigunan duka bai kai kuɗin fulawa buhu 2 ba, kuma ya rage min da na ce zan dawo.

Ranar jajibiri bayan la'asar na tara kowa, na karanta na kowa da ƙarfi a gaban 'yan uwansa, na haɗa da ɗan abu a ambulan da shinkafa mudu 2, Baba kuma na ba shi kwana 3 ya je gida Giwa albashinsa na nan. Bai ce komai ba da farko, ya juya firem ɗin ya kalli ajamin ya daɗe, ya sa shi a leda a hankali sannan ya ce, "Allah ya yi albarka, Alhaji, ashe ka riƙe daren nan." Ɗaya daga cikin samarin kuwa ya same ni gefe ya ce oga gaskiya da kuɗin kofin aka ƙara min a ambulan da ya fi, ban ji haushi ba sam, yana da gaskiya, haya yake biya, kuma na yi masa alkawarin idan fulawa ta sauko shi zan fara dubawa. Wata 2 bayan nan na je suna gidan Baba a Rigasa na tarar da firem ɗin rataye a zaure, duk wanda ya shigo sai ɗansa ya nuna masa.

Idan za ka je, ka rubuta sunayen da hannunka, ka sa su turo maka hoton kowanne ta WhatsApp ka duba kafin a buga, musamman kofuna, kuma kar ka bari sai satin sallah don lokacin aikin katin biki ya yi musu yawa. Ni zan koma kafin 1 ga Mayu, ranar ma'aikata, akwai mai gadinmu da ban sa a na farko ba kuma abin yana raina.