Hattara da masu "tantance hanyoyin Bankin Duniya" da ke yawo a Jos

Jama'ar Jos da Bukuru, da 'yan'uwa na Mangu da Bokkos, a yi hattara. Wasu sun ɓullo da sabuwar damfara da sunan duba ingancin hanyoyin karkara da Bankin Duniya ke ɗaukar nauyi. Ba a bakin wani na ji ba, ɗan yayata suka wanke.

Yaron ya gama bautar ƙasa yana zaman kashe wando, sai wani abokinsa ya jefa shi cikin wani zaure na WhatsApp. Wai ana neman matasan da za su riƙa bin sababbin hanyoyi suna cike takardun tambayoyi, albashi naira dubu 150 duk wata. Fom dubu 15, sai dubu 25 na horo da katin shaida da riga. Uwarsa ta kwashi adashenta ta miƙa masa tana sa albarka. Kuɗin kuwa asusun mutum ɗaya aka tura su, ba na wata hukuma ba.

Ranar da aka kira su horo a wani ɗakin taro kusa da Taminus, na ce bari in raka shi. Na tarar da matasa sun haura 40 a kan kujerun roba, ga shugaban nasu cikin rigar nan mai ƙyalli ta ma'aikatan titi, da hular kwano sabuwa fil, ko ƙura ba ta taɓa gani ba, yana tura keken awon hanya a kan tayil. Da aka tashi na matsa kusa na ce, "Malam, wace hanya yaran nan za su duba, daga ina zuwa ina, kuma kilomita nawa ce?" Ya dafa kafaɗata yana murmushi, ya ce, "Haba Alhaji, ai wannan sirrin ofis ne." Nan jikina ya yi sanyi. Hanyar da babur da akori-kura za su bi, ina ta ga sirri? Kwana huɗu bayan haka aka rufe zauren, lambobinsu duk a kashe.

Abin da ya sa suke samun shiga shi ne aikin da suka laƙe a baki na gaske ne. Akwai shirin RAAMP na hanyoyin karkara da kasuwannin amfanin gona, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 da dala miliyan 280, hukumar raya ƙasashe ta Faransa ita ma ta zuba nata, kuma Filato na cikin jihohin da ke ciki. To amma bashi ne ake bai wa gwamnati, ba kyauta ake rabawa a titi ba. Jiha tana da ofishin aikin nata, kwangila kuma sai an buga sanarwa a jarida kamfanoni sun fafata kafin a bayar.

Tantancewar ma tana da ƙa'ida. Idan an rufe aiki, ana rubuta rahoton kammalawa, sannan wani sashe mai zaman kansa a bankin, IEG, ya bi rahoton ya auna shi a kan maki hawa shida, daga wanda ya gamsar ƙwarai zuwa wanda ya gaza ƙwarai. Rahotannin suna nan a intanet, kowa na iya karantawa kyauta. Masu shiga ƙauye da gaske tambayoyinsu sanannu ne: minti nawa kake yi zuwa kasuwa da can, nawa kake yi yanzu? Nawa ne kuɗin dakon buhun dankali? Mota na wucewa a watan Agusta ko kwalbati ya karye? Akwai ma ma'aunin da ake ƙirga mutanen karkara nawa ne ke zaune cikin tazarar kilomita 2 daga hanyar da ke biyuwa rani da damina. Duk cikin wannan babu inda ake karɓar ko sisi a hannun talaka, kuma bankin ba ya sayar da fom ɗin ɗaukar aiki.

Wani salon da suke yi ya fi ba ni takaici. Su je wurin mai unguwa da mota ta haya, su auna bakin gonaki, su ce hanya za ta bi ta nan, a haɗa kuɗi domin sunanku ya shiga jerin masu karɓar diyya. Alhali a aikin gaskiya wanda hanya ta ci gonarsa shi ake biya, ba shi ke biya ba.

Idan sun zo muku, ku tambayi sunan hanyar da kamfanin da ke aikin, ku ɗauki hoton katinsu da lambar motarsu, sannan ku je ofishin shirin na jiha da ƙafarku ku tabbatar, kada ku kira lambar da su suka ba ku. Wanda ya riga ya tura kuɗi ya garzaya bankinsa da shaidar turawar, ya kuma kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC. Mu mun kai tamu, muna jira. Rigar mai ƙyalli dai tana nan rataye a ƙusa a ɗakin yaron, uwarsa kuma har yanzu tana zubin adashen da ta kwasa.