Faifan katun uku na Super 8 da na saya daga Ingila

Wata biyu ke nan da isowar kwalin, kuma na haska kowane faifai fiye da sau biyar, don haka yanzu ina da abin faɗa. Gajerun finafinan katun ne guda uku, duk Super 8, na saya a hannun wani mai tara tsofaffin finafinai a Ingila. Majigina Eumig ne, ƙirar Ostiriya. Da gangan na nemi na Turai saboda wutarsa ta dace da tamu, na Amurka kuwa na wuta mai volt 110 ne, sai an haɗa shi da taransifoma.

Super 8 zaren fim ne mai faɗin milimita 8 da Kodak ta fito da shi a 1965. An ƙanƙanta hujin gefensa, shi ya sa hotonsa ya fi na tsohon zaren milimita 8 na 1932 girma. Kafin zuwan bidiyo, da shi Turawa ke kallon silima a falonsu. Faifai mai ƙafa 200 yana cin kusan minti 10 idan ana juya hoto 24 a daƙiƙa, katun na silima kuwa minti shida ne ko bakwai. Dogon fim sai an daddatsa shi kafin ya shiga faifai ɗaya, amma katun yana shiga gaba ɗayansa. Abin da ya ja ni ke nan.

Faifan farko shi ne ya biya ni kuɗina. Bugun Derann ne, kamfanin garin Dudley da ya samu izinin buga finafinan Disney, ya kuma rufe a 2011. Zarensa na foliyesta ne, launin yana nan daram. Daren da na fara haska shi a farin bangon ɗaki, sai da na tashi na matsa kusa. A bayan zanen akwai wani daji, ana iya ganin inda burushin mai zane ya bi da ruwan fenti, koren yana dushewa a hankali har ya koma shuɗi. Na sha kallon irin wannan a waya ban taɓa lura da haka ba. Sautin yana kan wani siririn layi ruwan ƙasa na maganaɗisu a gefen zaren, yana fita tas. Ƙaramar 'yata ta juya baya tana kallon hasken da ke ratsa ɗakin, ta ce, "Baba, a cikin fitilar suke?"

Na biyu bugun Castle Films ne na Amurka, Woody Woodpecker, baƙi da fari, ba sauti, sai rubutu da ke fitowa tsakani. Yana da 'yan layukan karce, amma hoton garau yake, domin baƙi da fari da azurfa ake yin sa, ba ya koɗewa irin na mai launi.

Na ukun ne ya ɓata mini rai. Mai sayarwa ya rubuta cewa launinsa mai kyau ne. Da na haska, komai ja: sama ja, ciyawa ja, fuskoki kamar an tsoma su a zoɓo. Haka yawancin bugun shekarun 1970 ke yi, rinin shuɗi da na rawaya su gudu su bar jan shi kaɗai, kuma sai a 1982 aka fito da zaren LPP mai riƙe launi. Da iyakarsa ke nan da na haƙura. Amma ina buɗe gwangwanin wani warin tsami kamar na khal ya bugi hancina. Alamar zaren asiteti, wato irin robar da ake yin tsofaffin zaren fim da ita, ya fara ruɓewa ke nan: zai ƙanƙance, ya lanƙwashe, har haƙoran majigi su daina kama hujinsa. Ba shi da magani, zafi da laima kuma suna ƙara masa gudu, tururinsa ma yana cutar da faifan da ke kusa. Mutumin da ya shekara yana wannan harka ba zai ce bai ji warin ba. Na yi wa mai sayarwar magana, ya mayar mini da rabin kuɗin faifan, ban da na aikowa.

Yanzu kafin in biya sai na nemi abu biyu: hoton zaren an ɗaga shi a haske, da amsa ƙarara ko yana wari. Idan akwai rubutun LPP a gefen zaren, ina so in gan shi da idona.

Mai tsamin na ware shi a wani ɗaki, gwangwanin a buɗe. Sauran biyun suna uwar ɗaka, can ƙasan kabad inda zafin kwano ba ya kaiwa. Da hunturu ya shigo kuma, kafin kowace haskawa sai na goge ƙofar majigin, wato inda zaren ke bi ta gaban fitila, da burushi mai laushi, domin ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta ja layi tun daga farkon faifai har ƙarshensa.