Hilux ko mai kujera bakwai? Ga mai shirin Kano ta hanyar Yeji

Wa alaikumus salam, ƙanena. Tunda ka ce sai ka haye ruwa a Yeji, nan Ghana, ka taka ƙasar Salaga kafin ka miƙe Togo da Benin zuwa Kano, to cikin motoci biyun da dillali ya nuna maka, ɗauki tsohuwar Hilux ɗin nan mai ƙofa huɗu mai shan dizal. Ko fentinta ya koɗe, ɗauke ta. Waccan 'yar Amurka mai kujera bakwai ka bar masa abarsa.

Irin Hilux ɗin ce a hannuna shekara bakwai ke nan, kuma sau uku tana hawa jirgin fiton Yeji, wanda mu nan muke ce wa pantun. Daga Kumasi zuwa bakin ruwa ba abin da zai nuna maka bambancin motocin nan. Ka hau dutsen Mampong, ka wuce Ejura da Atebubu, ka ratsa Prang garin Shehu Maikano, kilomita ɗari biyu da 'yan kai, kowace mota za ta kai ka. Inda ake raba gari shi ne gangaren da ake shiga jirgi. Tun da aka gama madatsar Akosombo a 1965 kogin Volta ya zama tafki, kuma tafkin nan ba ya tsayawa wuri ɗaya. Bayan damina, wajen Oktoba da Nuwamba, ya cika ya tumbatsa. Daga nan ya riƙa ja da baya har ruwan sama ya sake zama. Shi ya sa bakin da ka shiga bara ba lallai shi za ka tarar bana ba, kuma ƙofar ƙarfen da jirgi ke saukewa mota ta taka ba kullum take zama daidai da ƙasa ba. Wani lokaci tsakaninsu akwai tudu, manyan motoci sun haƙe gefensa da tayoyinsu.

Hayewata ta ƙarshe da surukata muka yi, za mu kai ta ganin dangi. Mun kwana Yeji, muka yi asuba muka shiga layi, warin banda ya cika gari, mata na ta wucewa da kwandunan kifi a ka. Gabanmu wata ƙaramar mota ce sabuwa fil, ta ɗora ƙafafun gaba a kan ƙarfe sai cikinta ya zauna a tudun. Ƙafar baya na juyawa a banza, mai ita ya fito yana share gumi, yara na neman katako da duwatsu, direbobin lori na ta danna oda. Da aka ture ta gefe yaron jirgi ya yafuto ni. Na saka giyar da ke jan ƙafa huɗu, na saki kuloci a hankali, Hilux ta haye kamar akuya ta ga tudu, ga buhu biyu na masara da jarkoki a baya. Hajiya da ta ƙi sauka daga gidan gaba, carbi a hannu, sai da muka tsaya cik ta buɗe ido ta ce, "Au, har mun shiga?" Tun ranar take kiran motar Jakar Fatake. (Kai dai kada ka yi irin tawa: a sauke kowa ya shiga da ƙafa, direba kaɗai ya hau da mota. In ka tsaya ka ja birkin hannu, ka bar ta a giya, ka sa waigi.)

Mai kujera bakwai ba zan ce ba ta da daɗi ba. Sanyinta ya fi, yara na barci a ciki, in ta Aflao da Lome da Kwatano za ka bi kwalta zalla, to. Na taɓa sayen irinta, a wannan gangaren kaskon baƙin mai ya tsage, na kwana biyu ina jiran a aiko mini wani daga Suame Magazine, unguwar makanikai da kayan mota a Kumasi. Na sayar da ita da asara, ban kuma waiwaye ta ba.

Abin da mutane ke mantawa shi ne bayan ruwa ma akwai tafiya. Kusan awa guda za ku yi a kan tafki kafin Makango, garin da jirgi ke tsayawa a hayi, kana ganin kututturan itatuwan da ruwa ya cinye suna leƙowa. Saboda su nake cewa ko jirgi ya yi latti kada ka zuba iyalinka a kwalekwale mai inji da aka cika maƙil, ka ce za ku haɗu a hayi. Ku jira tare. Daga Makango Salaga ba nisa. Ka tsaya ka ga rijiyoyin garin da wurin da har yau ake kira Wankan Bayi. Nan ne kasuwar da kakanninmu suka riƙa zuwa sayen goron Gwanja, har yaƙin basasar 1892 ya watsa garin, mutane suka bazu Kete Krachi da Kintampo da Kumasi. Hanyar da ka zaɓa ma kusan sawun fataken ce: Bimbilla, Yendi, Zabzugu, ka fita Ghana ta Tatale, ka faɗa Kara, ka shiga Benin ka bi Djougou da Nikki, ka ɓulla Nijeriya ta Chikanda. A wannan tsakanin akwai kwalta mai kyau, akwai jar ƙasa mai gargada da za ta kwance duk wani ƙusa da bai ɗauru ba. Kuma kowane garin da na lissafa za ka sami fita, wato makanike, da ya san injin Toyota kamar yunwar cikinsa, da shagon da ke da kayanta. Motar da sai an jona mata kwamfuta kafin a san ciwonta, a Zabzugu wa zai duba maka ita?

Ba ka tambaya ba, amma sai na faɗa. Dillalin da ya ce maka hom-yus ce, wato wadda aka yi amfani da ita a waje aka shigo da ita, wata tsohuwa ce ke zuwa coci da ita, ka ji da kunne ɗaya. Yawancin masu sheƙin nan kyan ɗan maciji ne: wata ambaliya ta ci ta a can, wata hatsari ta yi aka buge aka fesa fenti, wata an mayar da mitarta baya. Ɗaga kafet ka shinshina, ka leƙa ƙarƙashin kujera ka ga ko ƙarfen ya yi tsatsa. Hilux ɗin ma ba waliyyiya ba ce. Akwai waɗanda aka juya musu sitiyari daga dama zuwa hagu, akwai waɗanda kamfanin haƙar ma'adinai ya gama tatsewa. Tafi da fitanka, ba na dillali ba, a ɗaga ta a ga shasi. Lambar shasin nan ka karanta ta da idonka harafi-harafi ka gwada da takarda, don kwastan na Togo da na Benin za su gwada kafin su rubuta maka lesefase, takardar izinin shiga ƙasarsu da mota, kuma motar sata daga waje ba sabon labari ba ne a ƙasar nan.

Takardu kuma ka nema da ƙafarka. Lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa da takardar fita da mota, ka shiga cikin ofishin DVLA, hukumar lasin tuƙi da rajistar motoci, ka biya a kanta, kada ka miƙa wa goro boys da ke tare mutane a bakin ƙofa. Brown Card na ECOWAS, wato inshorar ƙetare iyaka da mota, daga kamfanin inshorarka za ka karɓa, ba daga hannun wani mai jaka a boda ba. Tun 2020 ana iya duba sahihancin inshorar mota ta waya, ka duba taka kafin ka tashi. Kowa ya riƙe katinsa na rigakafin shawara, har yara. A bakin ruwa ma, kuɗin jirgi a wurin yankan tikiti ake biya. Duk wanda ya raɗa maka cewa zai shigar da kai gaban layi, kuɗin shayinsa yake nema.

Ka sha dizal a gidan mai, ka cika tanki a Atebubu ko Yeji, ka riƙe filtar mai guda biyu da safaya biyu. Sefa ka canza tun a nan. Daga Nikki zuwa gaba kada ka yanke shawara daga Kumasi: yankin Kaiama da Kainji ba lafiya kullum ba, ka shiga tasha ka tambayi direbobin da suka fito ranar, in sun ce a sake hanya ka sake, kuma magariba ta same ku a cikin gari.

In za ka je ganin motar ranar Asabar, ka biyo ta unguwar Aboabo, nan Kumasi, bayan azahar mu tafi tare da fitana.