Sharhi: Haɗa ƙaramar Volkswagen Beetle ta 1966, sikelin 1/24

Kwalin sassan roba na ƙaramar motar kwaikwayo da na haɗa na kamfanin Tamiya ne, Volkswagen 1300 Beetle ƙirar 1966, a sikelin ɗaya bisa ashirin da huɗu. Motar gaske tana da tsawon mita huɗu da ɗan ɗori, don haka wannan ta tashi kusan santimita 17. Tazarar tayar gaba da ta baya a motar gaske milimita 2,400 ce, a nan ya kamata ta zama 100 cif. Na sa rula, haka ta fito.

Sassan suna zama a mazauninsu ba tare da kokawa ba, kuma an kama kamannin wannan shekara: fitilun gaba masu jirkice a cikin madigadi, bamba siririya, da inji mai silinda huɗu a kwance a baya. Injin gasken cc 1,285 ne, iska ke sanyaya shi, babu lagireto. Ta fuskar ƙira ba ni da ƙorafi. Wahalar tana wani wuri dabam: motar talaka ba ta da kwalliyar da za ta ɓoye aikin hannu. Jikin Beetle duk lanƙwasa ne, kowane tabo haske zai tona shi.

Saboda haka rabin aikin a jiki yake. A fara wanke sassan da ruwa mai ɗumi da sabulun wanke-wanke, a bari su bushe. Kowace roba da aka zuba a cikin mazubi tana fitowa da ɗan siririn layi inda ɓangarorin mazubin suka haɗu, a nan kan madigadi za a neme shi, da farce ma ana jin sa. A goge da samfefa mai lamba 600, a bi da 1000, da ruwa. A kiyaye kada a cinye zaren da ke tsakanin madigadi da jiki, wannan na motar ne, ba aibi ba. Sai fentin shimfiɗa ruwan toka, shafi ɗaya mara kauri, a duba a ƙarƙashin fitila. Layin da aka ɗauka ya tafi yakan sake bayyana a nan, kuma gara nan da bayan an sa launi.

Feshin gwangwani ya wadatar. A tsaya kamar santimita 20, a yi yayyafi sau biyu ko uku da hutun minti goma a tsakani, sannan shafi ɗaya mai jiƙa. In aka yi nisa, fentin yana bushewa kafin ya sauka, jiki ya yi gurje-gurje kamar ɓawon lemo. In aka matso, ya taru ya zubo a gefen ƙofa. Ranar da iska ke da laima kuwa sai ya yi fari-fari, gara a haƙura. Kada a fesa fentin lacquer mai zafin tina a kan fentin mai, zai tattare shi. A ba shi mako guda kafin a taɓa shi da samfefa 2000 da man goge.

Nan ne nake saɓa wa masu yawa. Ana son a lafta varnish, wato shafi mara launi mai sheƙi, har jiki ya zama madubi, sai motar ta koma alewa. Wanda ya taɓa mallakar irin wannan mota ba haka yake tuna ta ba. Sheƙi matsakaici, launi irin na lokacin, ja mai duhu na Ruby Red ko shuɗi mai haske na Bahama Blue, shi ke sa a gane ta. Kuma dashbod ɗin Beetle ƙarfe ne mai launin jiki, don haka a fesa shi rana ɗaya da jikin, daga gwangwani ɗaya. Mutane da dama sukan yi masa baƙi, su ɓata cikin motar gaba ɗaya.

Kurom ɗin irin waɗannan kwalaye yakan yi ƙyalli fiye da kima a wannan girman, kuma wurin da aka yanke shi daga reshen robar da sassan ke zuwa manne da shi yana barin tabo. Na jiƙa bamba a bilic na gida har rufin ya narke, na ɗauraye, na sa baƙi mai sheƙi, sannan fentin azurfa siriri. Wanda bai son wannan wahalar, aƙalla ya kankare kurom da reza a inda zai sa gam, domin gam ɗin roba narkar da roba yake yi, ba ya kama kurom ko fenti. Gilashi kuma kada sufagulu ya kusance shi: tururinsa yana barin farin hazo da ba ya fita. Farin gam na katako, ɗigo huɗu da tsinken sakace, ya isa.

Robar da ke zagaye da gilasai ita ce mafi cin rai. Salatif na fenti, a danne bakinsa da tsinke, baƙi mara sheƙi sosai, burushi kusan busasshe. In burushin ya jiƙe, fenti zai kutsa ƙarƙashin salatif.

Injin ƙarami ne, amma ya cancanci yamma guda. Gidan fanka baƙi, fambel baƙi mara sheƙi, kafireto ruwan alminiyom, salansa da ɗan tsatsa. Wayoyin fulogi huɗu daga siririyar waya mai kaurin milimita 0.3 suna canza kamanninsa. Ruwan baƙi da ake zubawa a lunguna don fito da zane, a rage shi: tinar fentin mai da ke cikinsa tana iya fasa roba a wurin da aka matse ta.

Tayoyi a goge tafinsu da samfefa 400 don su daina ƙyallin sabuwar roba. Kafin gam ya kama, a ɗora motar a kan gilashi a tabbatar duka huɗun sun taka ƙasa.

Ga mai farawa, kwalin zai haɗu lafiya ko da bai yi rabin abin da na lissafa ba. Ni ya ci mini kusan awa 25, ban da jiran fenti, kuma fiye da goma a cikinsu a jiki suka tafi.