Gyaran gidanmu na gado: yadda na ga aikin wani ɗan kwangila a Kano

Gidan da mahaifinmu ya bari a cikin birnin Kano ginin bulo ne mai ɗakuna huɗu da zaure, kuma tsufa ya riga ya bayyana a jikinsa: kwano ya yi tsatsa, silin ɗin ɗakin Hajiya ya yi ciki saboda yoyo, bangon banɗaki kuwa filastarsa tana zuba kamar gari. Da 'yan'uwa suka ɗora mini alhakin gyaran a farkon 2024, na karɓa ne da fargaba, domin na taɓa ba wani birkila kafin alƙalami mai tsoka, ya ɗora layi uku na bulo, ya kashe wayarsa.

Wani maƙwabcinmu ne ya haɗa ni da mai wani ƙaramin kamfanin gine-gine. Kafin mu yi maganar kuɗi sai da na je na ga gidaje biyu da ya gyara, ɗaya daga ciki ya sha damina uku bai tsage ba. Na kuma nemi ganin takardarsa, tun da a ƙasar nan duk wanda ya sa hular kwano a bakin gini Injiniya ake ce masa, alhali hukumar COREN ce ke yi wa injiniyoyi rajista, hukumar CORBON kuma ta magina. Bai ɓata rai ba, ya nuna mini.

Abin da ya fi kwantar mini da hankali a aikinsa shi ne yadda ya tsara yarjejeniya. Ya raba kuɗin hannu da kuɗin kaya: aikin hannu jinga ce da ba ta canzawa, kaya kuwa ni zan biya bisa rasit. An karkasa biyan gida huɗu, rufi, gini da filasta, famfo da wayarin, sannan tayil da fenti, ba a biyan wani kaso sai na ga na baya ya kammala, kuma kashi 5 cikin 100 zai zauna a hannuna har wata 6. Amfanin wannan tsari bai daɗe ba ya fito fili. A watan Fabrairun shekarar buhun siminti ya tashi daga kusan naira 5,000 zuwa sama da 10,000 a wasu wurare, har gwamnatin tarayya ta zauna da Dangote da BUA da Lafarge aka daidaita a kan naira 7,000 zuwa 8,000. Da dunƙulalliyar kwangila muka yi, to ko dai ya dawo neman ciko mu yi rigima, ko kuma ya rage siminti a kwaɓi ya yi shiru. Maimakon haka, tare muka je kasuwar kayan gini ta Kofar Ruwa muka sayi rodi, kuma kowace yamma yana turo mini hoton aiki da lissafin buhunan da aka fasa ta WhatsApp.

A wajen gini ba ni da abin cewa sai yabo. Ranar da aka sauke bulo ina tsaye ya ɗauki ɗaya mai inci 9, ya sake shi daga daidai ƙirjinsa, bulon ya watse ya koma yashi, nan take ya sa aka mayar da motar gaba ɗaya. Haka kuma da muka so a cire bangon da ke tsakanin ɗakuna biyu a yi falo, ya ƙi sai an zuba bim, wato kankare mai rodi da zai ɗauki nauyin sama, kuma ya sa an yi ta ba shi ruwa har kwana 7, yana mai bayanin cewa kankare ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai bayan kwana 28.

Inda ya gaza shi ne lokaci. Mako 8 ya yi alkawari, aikin ya ci 13. Azumi ya shigo a watan Maris, leburori suka koma tashi da azahar, da sallah kuma suka tafi garuruwansu, duk abubuwan da mai sana'a ya kamata ya lissafa tun farko. Bai kuma gargaɗe mu a kan ƙura ba, da mun kai Hajiya gidan yayata ta zauna.

Mai tayil ɗin da ya kawo ma bai iya aiki ba, ya karkatar da daɓen banɗaki har ruwa yana taruwa a bakin ƙofa maimakon ya nufi magudana. Hajiya da kanta ta tare shi ta ce, "Injiniya, yanzu da tsufana zan riƙa share ruwa da tsintsiya bayan kowane wanka?" Ya durƙusa ya ce, "Ki yi haƙuri Hajiya, za a ɗaye a sake." An sake ɗin kuwa da kuɗinsa, amma sai da na yi mako biyu ina kiran waya, kuma ina kyautata zaton kason da ke hannuna ne ya gaggauta zuwansa.

Idan wani aikin ya taso zan sake ba shi gini da rufi ba tare da shakka ba, amma tayil da famfo ni zan nemo masu yi da kaina. Ragowar kuɗinsa na biya shi bayan ruwan Agusta ya wuce, lokacin da Hajiya ta mayar da bahon da take tarar yoyo da shi madafa.