Ajin Turanci a bakin murhu, a Mabera

Sana'ata kek da cincin, ina kai wa shaguna biyu a Runjin Sambo, cikin garin Sakkwato. Karatuna a aji uku na ƙaramar sakandare ya tsaya, don haka duk bidiyon girkin da na buɗe a YouTube, hannun mai girkin nake bi da ido, maganarta kuwa sai ta wuce ni. Haka na taɓa zuba bekin foda babban cokali biyu inda aka ce ƙarami, kek ɗin biki guda ya yi ɗaci. Wannan asarar ce ta kai ni ajin da wata malama ke yi a tsakar gidanta a Mabera, Asabar da Lahadi bayan la'asar, mako takwas.

Babu allo. Murhu ne da turmi da tukwane. Ranar farko fura muka yi. Ta miƙo mini taɓarya ta ce "pound", ta ba wata rariya ta ce "sift", kuma ba mai ajiye kayan aiki sai ta faɗi abin da hannunta ke yi. Har yau in na ɗauki taɓarya kalmar na zuwa da kanta.

Inda na fi ƙaruwa shi ne darasin wuta. Mu "gasa" ɗaya gare mu, ko tsire ko burodi ko masara. Su kuwa sun rarraba: burodi "bake", tsire "grill", kaza a cikin oban "roast". Tafasa "boil" ce, amma in an rage wuta miya na ɓararraka a hankali, ta koma "simmer". A wajen yaji sai abin ya juye: tattasai da attarugu da barkono da masoro duk "pepper" ke ɗauke da su, sai an ƙara wata kalma a gaba. Wata dattijuwa a cikinmu ta ce, "Malama, ashe nan mun hi su kalmomi!" Kuma gaskiyarta.

Na tambayi dalilin da saniya take "cow" amma namanta "beef", tunkiya "sheep" namanta "mutton". Malama ta ce sunayen naman daga Faransanci suka shigo, bayan Normawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066. A nan ne kuma na san ƙaramin cokali mililita 5 ne, babba 15, wato ninki uku na zuba a kek ɗin nan.

Akwai gyara. Rubutu ya yi kaɗan ƙwarai: mun iya faɗar "flour", amma da aka ce mu rubuta, rabinmu "flower" muka rubuta, wato fure, tunda lafazinsu ɗaya. Mu goma sha biyu ne a kan murhu biyu, mai kunya sai ta wuni a baya ba ta taɓa muciya ba. Na faɗa wa malama, ta ce za ta raba aji biyu. Sannan kada a yi rajista a watan Afrilu, zafin Sakkwato da na gawayi ba sa haɗuwa.

Mai neman Turancin jarrabawa ta nemi wani wuri. Mai son ta karanta bayan kwali ta fahimci bidiyo, ta je, kuma ta tafi da littafin rubutunta. Kuɗin ajin har da cefane, abin da aka dafa kuma a nan ake cinye shi kafin magariba.