Sharhi kan Carrion: dare uku ina Dodo

Tun muna yara, in an zauna tatsuniya a tsakar gida, kullum muna bayan yarinyar da Dodo ya tare a bakin rafi. Wasannin tsoro na kwamfuta ma a kan wannan turbar suke. A miƙa maka tocila mai raunin batir, a ce ka ɓuya a kabad har abin ya wuce. Na gaji da ɓuya, shi ya sa da wani abokina ya ce akwai wasan da kai ne abin da ake gudu, ban yi wata-wata ba na saye shi.

Carrion aikin wani ƙaramin kamfani ne na ƙasar Poland mai suna Phobia Game Studio, Devolver Digital kuma suka fitar da shi a watan Yuli na 2020. Ni a kwamfuta na buga, amma akwai shi a na'urorin wasa na Switch da Xbox da PlayStation. Zanensa na ɗigo-ɗigo ne irin na wasannin da, daga gefe kake kallon komai, don haka ko kwamfutarka ba ta da wani ƙarfi za ta ɗauka.

Ana farawa kana cikin wani tulun gilashi a cibiyar bincike ta ƙarƙashin ƙasa. Ka jijjiga shi ya tarwatse, ka fito. To, me ka fito? Curin jan nama ne, ba kai ba ƙafa, sai bakuna da haƙora da igiyoyin tsoka masu miƙewa ta ko'ina. A nan wasan ya kama ni, tun kafin in cinye kowa. Tafiyar halittar nan ita ce komai. Ka nuna mata wuri da linzamin kwamfuta, igiyoyin su harba da kansu su damƙi bango da rufi, jikin ya kwarara kamar an zubar da kunu mai rai. Babu tsalle, babu hawa tsani, sama da ƙasa duk ɗaya ne. Na ɓata kusan minti goma ina zagaya ɗaki ɗaya kawai don in ga yadda take matsewa ta shige bututun iska.

Sannan ga mutanen. Ma'aikata ne cikin fararen riguna, da sun hango ka sai ihu da gudu, wasu su durƙushe a lungu. Kana iya fizge ƙofar ƙarfe ka maka wa mutum, ko ka yi gurnani daga cikin rufi, mai gadi ya taho dubawa, ka zagayo ta bayansa. Zan faɗi gaskiya, na yi dariya fiye da yadda ya kamata mutumin kirki ya yi. Jini kam akwai shi fal, ba wasan da za a buɗe a gaban yara ba ne. Ƙanina ya leƙo sau ɗaya ya ce, "Yaya, wannan wane irin abu ne?" Na ce ya ja mini ƙofa.

Kada ka ɗauka sarauta ce zalla. Da masu bindigar feshin wuta suka bayyana, sai na gane Dodo ma yana da abin tsoronsa. Wuta ta kama ka, naman da ka tara ya narke cikin daƙiƙu, ka ruga kana neman ruwan da za ka faɗa. Akwai sojoji masu garkuwar lantarki da ba a tunkararsu gaba da gaba, da ƙananan jirage marasa matuƙi, da wasu manyan injinan yaƙi da mutum ke tuƙawa. Sai na koma ɓuya a bututu ina jiran su juya baya, wato abin da na gudo wa tun farko, sai dai yanzu ni ke farauta.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta girman jiki. Mataki uku ne, kowanne da baiwarsa. Kana ƙarami za ka iya harba yana irin ta gizo-gizo ko ka ɓace wa ido ka wuce tarkon haske. Ka yi matsakaici, ka fasa shingen katako da karo. Ka cika girma, ka yi wa kanka sulke. Wani lokaci dole ka je wani kududdufi ka ajiye rabin namanka don ka koma ƙarami ka buɗe hanya. Daga baya kuma za ka samu ikon soka igiya a jikin mutum ka juya shi yadda kake so, ya ɗauki bindigarsa ya buɗe wa 'yan uwansa wuta. Wannan kam mugunta ce mai daɗi.

Inda na sha wuya shi ne rashin taswira. Na fahimci hujjar, dabba ba ta yawo da takarda, gurnaninta ne ke nuna mata inda sheƙarta take. Amma hanyoyin sun yi kama da juna, kuma da yawa in ka bi ba ka dawowa ta nan. A dare na biyu aka ɗauke wuta, da na dawo washegari na manta inda na dosa. Fiye da rabin sa'a ina kai-kawo a ɗakunan da na riga na share, ba kowa sai ni da ƙarar injin. Dodo mai ban tsoro ya zama baƙon da ya ɓata a kasuwa. Akwai kuma 'yan wuraren da ake maida kai mutum kana tafiya a ƙasa don a ba da labarin baya. Bayan ka saba da kwarara, takun ɗan Adam ji kake kamar an ɗaura maka dutse.

Kiɗan Cris Velasco ya dace da duhun wurin, da abin sa wa a kunne ya fi daɗi. Na kammala cikin sa'o'i shida ko ƙasa da haka, kuma tsawon ya yi daidai, don a ƙarshe-ƙarshe wasan jan sandunan da ke buɗe ƙofofi ya fara maimaita kansa. Ban yi mamaki ba da na ji ya ci kyautar BAFTA, wadda ake bayarwa a Birtaniya, ta wasan farko na sabon kamfani a 2021. In za ka buga, ka yi ƙoƙari ka gama kowane sashe a zama ɗaya, kuma ka riƙa lura da inda ruwa yake kafin ka shiga ɗakin masu wuta.